Yatsan Tabawa

Aka ba ni na'ura da riga mai tambari,
aka ce in bi gida-gida a Ƙofar Marusa,
in rubuto marasa ƙarfi, kar in tsallake kowa.

Na rubuta makaho Sallau mai tufkar igiya.
Na rubuta Labaran direba da mota ta karya wa baya,
shekara uku yana ƙirga azarar ɗaki,
matarsa na tuya a bakin kasuwa.

Ran Laraba na isa wurin Tabawa.
Ɗaki ɗaya, aro, a kangon wani attajiri.
Daga yankin Batsari ta zo da jikoki huɗu
a wani dare da ba ta son a tuna mata.
Na tambaya, don takarda ta ce in tambaya.
Ta ce, "Rubuta uwarsu ta riga mu,
ubansu na inda ba a dawowa."

Shekarunki nawa, Iya?
"Da wayona fam ya koma naira."
Na kintata, na sa sittin da biyu.
Sau nawa ake ɗora tukunya a yini?
Gurbi uku ne gabana: ɗaya, biyu, uku.
Ta ce, "Yaro, ba ka da gurbin
in Allah Ya kawo mai sayen daddawa?"

Sai aka zo dangwale.
Ta ɗora babban yatsa, na'ura ta yi ja.
Ta goge a zane, ta yi ja.
Muka shafa man kaɗanya, muka gwada na hagu,
muka bi goman nan ɗaya bayan ɗaya.
Babu zane ko ɗaya.
Toka da ruwan zafi da murzar kalwa
sun cinye shi tun kafin a haife ni,
yatsun sun yi sumul kamar bayan ƙwarya.
Ta dube su, ta yi dariya:
"Sunana Tabawa, ga shi na kasa taɓawa."

Da bara ne, da nan zance ya ƙare,
in naɗe waya in ce Allah Ya sa da rabo.
Bana an sauya doka:
wanda aiki ya share wa yatsa
a ɗauki fuskarsa, mai unguwa ya shaida.
Layi ɗaya ne a shafi na tara.
Ban san wanda ya ƙara shi ba,
amma ina zaton ya taɓa riƙe hannun tsohuwa.

Ta gyara ɗaurin kallabi.
Ta ƙi yin murmushi, wai haƙora sun yi tafiya.

Wata biyar shiru.
Na daina bi ta lungun, don kunya.
Yara na kirana Mai-Rubuta-Suna,
manya na gaishe ni da rabin gaisuwa.

Da ya zo, ya zo wa wasu.
Sallau ya samu. Tabawa ta samu,
da katin asibiti na autan mai sikila.
Ta auno kalwa tiya shida,
ta saya wa Hansatu silifa da littafi.
Na Labaran ya fito ran sadakar bakwai ɗinsa.
Matar ta riƙe wayar tana kallo,
ƙosai na ƙonewa.

A ofis an ce mun cika kashi saba'in.
Ban musa ba, na ga saba'in ɗin da idona.
Talatin ɗin ma na san ƙofofinsu,
na san wanda ya ba ni ruwa.

Jiya ta tare ni wajen masu kayan miya,
ta damƙe wuyan hannuna da yatsan nan,
ta cusa min ƙullin daddawa a jaka.
Na ce an hana mu karɓa.
Ta ce, "To kai wa na'urarka ta sansana,
ko ta gane ni idan na dawo."

Har yanzu jakar na wari.
Takardun gobe na ciki,
sunaye arba'in na wata unguwa.